Koyar da rubutu ga matasa 'yan gudun hijira: yadda shirye-shiryen ke gudana da yadda ake gabatar da su a tarukan ilimi

A manyan tarukan malamai da masana ilimi da ake gudanarwa duk shekara a sassan duniya, akan ware zama domin sauraren waɗanda ke koyar da matasa 'yan gudun hijira rubutu. Wasu daga cikin masu gabatarwar malaman sakandare ne, wasu marubuta ne masu aikin sa kai, wasu kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da ke aiki a sansanoni irin su Kakuma da Dadaab na ƙasar Kenya. Maƙalunsu sun bambanta da sauran maƙalu ta fuska guda. Abin da suke ɗorawa a kan allo rayuwar wasu yara ce, waɗanda yawancinsu ba sa cikin zauren, wasunsu ma har yanzu suna jiran hukunci a kan takardunsu na neman mafaka.

Saboda haka ana auna irin wannan gabatarwa da ma'auni biyu. Na farko, wace hujja ke nuna cewa shirin ya ƙara wa matasan iya rubutu? Na biyu, labarin da aka karanta a gaban jama'a na wane ne, kuma da yardar wa aka fito da shi?

Matasan da ake magana a kansu

A dokar ƙasa da ƙasa, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa saboda tsoron tsanantawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ce ta kafa wannan ma'ana, sannan yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ta har ta haɗa da waɗanda mamaya ko rikicin da ya dagula zaman lafiya ya kora. Sashe na 22 na yarjejeniyar 1951 ya wajabta wa ƙasar da ta karɓi baƙi ta ba 'ya'yansu ilimin firamare daidai da yadda take bai wa 'yan ƙasarta. Waɗanda rikici ya raba da gidajensu amma ba su bar ƙasarsu ba suna ƙarƙashin wani tanadin dabam, wanda a Afirka shi ne yarjejeniyar Kampala ta 2009.

Rahoton ilimi na 2024 na Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ya nuna cewa a cikin yara miliyan 14.8 da suka isa shiga makaranta, kimanin miliyan 7.2 ba sa zuwa. Kashi 65 cikin 100 ne ke firamare, kashi 42 a sakandare, sannan kashi 7 kacal a manyan makarantu. Hukumar ta sa wa kanta burin kai wannan adadi na ƙarshe zuwa kashi 15 nan da shekarar 2030.

A tsakanin firamare da jami'a ne ake rasa mafi yawan matasan, kuma rubutu na daga cikin ƙofofin da ke rufe musu hanya. Jarrabawar kammala sakandare da rubutu ake yin ta. Takardar neman gurbin karatu ko tallafi, irin tallafin DAFI da gwamnatin Jamus ke ɗaukar nauyi tun 1992, tana buƙatar matashi ya bayyana kansa a rubuce, galibi da harshen da ba nasa ba. Masanin ilimin harsuna Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya daɗe da nuna cewa yaro baƙo kan iya hirar yau da kullum da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma harshen littafi da na jarrabawa kan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai. Matashin da ya iso yana ɗan shekara 15, bayan ya yi shekaru ba ya makaranta, ba shi da wannan lokacin.

Ire-iren shirye-shiryen

Shirye-shiryen sun kasu gwargwadon inda matasan suke zaune. Akwai na ƙasashen da ake sake tsugunar da 'yan gudun hijira. Misalin da aka fi sani shi ne cibiyar The Telling Room da ke birnin Portland na jihar Maine a Amurka, wadda marubuta uku, Susan Conley da Sara Corbett da Michael Paterniti, suka kafa a 2004. Birnin ya karɓi iyalai da dama daga Somaliya da Sudan da Iraƙi da wasu ƙasashen tsakiyar Afirka. A 2007 cibiyar ta buga kundin labaran matasa 15 mai suna I Remember Warm Rain. Daga baya ta ɓullo da shirin Young Writers and Leaders, inda ɗaliban sakandare baƙi ke haɗuwa bayan tashi daga makaranta, a haɗa kowannensu da babban mutum guda da zai zauna da shi suna gyara rubutunsa, a ƙarshe a buga aikin a littafi. A 2015 shirin ya karɓi lambar yabo ta ƙasa a Fadar White House daga hannun Michelle Obama.

A birnin Minneapolis na jihar Minnesota, ƙungiyar Green Card Voices, wadda aka kafa a 2013, ta bi wata hanyar. Ana fara ɗaukar ɗalibi a bidiyo yana ba da labarinsa da baki, a juya maganar zuwa rubutu, sannan a miƙa masa ya gyara da kansa har ta zama maƙala. Littafin farko na jerin ya fito a 2016 daga wata sakandaren baƙi ta birnin. Hikimar wannan tsari ita ce, wanda bai ƙware a rubutu ba ya riga ya ƙware a magana, don haka ba a sa shi fara aiki da farar takarda.

A Kanada kuma, makarantar firamare ta Thornwood da ke Mississauga ta shahara da littattafan harshe biyu, waɗanda yara ke rubutawa da Turanci da harshen gidansu, iyaye suna taya su fassara. Cummins da abokiyar aikinsa Margaret Early sun tattara misalan irin wannan aiki a wani littafi da suka fitar a 2011.

A sansanoni lamarin ya sha bamban. Sansanin Kakuma, wanda aka buɗe a 1992 a yankin Turkana na arewa maso yammacin Kenya, yana da jarida mai suna Kanere da 'yan gudun hijira suka kafa da kansu a 2008, suna ɗauko rahoto a kan rabon abinci da ruwa da tsaro da haƙƙin mazauna. A Dadaab, shirin ilimi mai zurfi na BHER, wanda ya fara a 2013 da haɗin gwiwar Jami'ar York ta Kanada da jami'o'in Kenyatta da Moi na Kenya, ya horar da malaman sansanin har zuwa matakin digiri, inda rubutun nazari ya zama dole. Waɗannan misalai biyu sun nuna cewa rubutun ɗan gudun hijira ya wuce ba da labarin wahala. Ya haɗa da aikin jarida da bincike da wasiƙar koke zuwa ga hukuma.

Yadda ake koyarwa

Duk da bambancin wurare, akwai dabarun da ake samu a yawancin shirye-shiryen da suka daɗe. Ana farawa daga abin da matashi ya zo da shi. Yaron Somaliya ya fito daga al'ummar da ke girmama waƙar baka irin ta gabay. Yarinyar Afganistan tana iya sanin landay, gajeriyar waƙar Fashto mai layi biyu da mata suka saba yi. Malamin da ya gane haka yakan bar ɗalibi ya fara tsara tunaninsa da harshensa, kafin a koma harshen makaranta.

Ana kuma lura da haruffa. Mai Tigirinya ya saba da haruffan Habasha, mai Dari ko Larabci yana rubutu daga dama zuwa hagu, wani kuma bai taɓa riƙe alƙalami ba sai da ya girma. Aji guda kan haɗa ɗan da ya kusa gama sakandare kafin yaƙi ya ɓarke da wanda bai taɓa shiga aji ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora su a kan darasi ɗaya.

Batun da za a rubuta a kai shi ne wuri mafi tsauri. Gogaggun malamai ba sa cewa ɗalibi ya rubuta yadda ya gudu ko abin da ya gani a hanya. Sukan ba da batu mai faɗi, kamar abincin da kaka ke dafawa, wasan ƙwallo, ma'anar suna, ko ranar farko a sabuwar makaranta. Wanda ya so ya shiga zancen yaƙi zai shiga da ƙafarsa, wanda bai so ba kuma ya rubuta labarin soyayya ko na barkwanci ba tare da an ɗauka ya kauce ba. Bayan rubutun farko sai gyara, sau biyu ko uku ko fiye, domin a nan ne ake koyon aikin. Daga ƙarshe a buga, ko da ƙaramin littafi ne da aka ɗinke a makaranta, a kuma shirya ranar karantawa a gaban iyaye da abokai.

Shin rubutu magani ne?

Akan ji ana cewa rubutu na warkar da raunin zuciya, kuma wannan magana tana da tushe a bincike. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker da abokiyar aikinsa Sandra Beall sun sa ɗaliban wata jami'a a jihar Texas rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15 a kowace rana har kwana huɗu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya, kodayake a lokacin rubutun hankalinsu ya fi tashi.

A kan wannan tushe ne gidauniyar Children and War da ke ƙasar Norwe ta tsara wani jagora mai suna Writing for Recovery domin matasan da yaƙi ko bala'i ya shafa, wanda ya ƙunshi gajerun zama shida cikin kwana uku. Sakamakon gwaje-gwajensa bai zo iri ɗaya ba. Wani binciken da aka buga a 2012 a kan matasan Afganistan da ke gudun hijira a Iran, waɗanda suka rasa 'yan uwa, ya nuna raguwar juyayin rashi. Wani kuma da aka buga a shekarar a kan matasan Gaza bai nuna cewa waɗanda suka yi rubutun sun fi sauran samun sauƙi ba, har ma alamun damuwa sun ƙaru musu na ɗan lokaci.

Akwai kuma hanyar jinya ta ba da labari da masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, suka tsara. A wannan hanya akan shimfiɗa igiya a matsayin tsawon rayuwar mutum, a ɗora furanni a lokutan farin ciki, duwatsu kuma a lokutan masifa, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya har a rubuta tarihin gaba ɗaya. Gwajin da aka yi da 'yan gudun hijirar Sudan a Imvepi da ke arewacin Yuganda, wanda aka buga a 2004, ya nuna kyakkyawan sakamako. Sai dai wannan jinya ce da ƙwararre ke gudanarwa da mutum guda a keɓe. Malamin adabi a gaban ɗalibai 30 ba likita ba ne. Mai gabatarwar da ya haɗa biyun ya ce ajinsa na warkarwa, alhali bai auna lafiyar kowa ba, yakan gamu da tambayoyi masu zafi daga masana.

Tarukan da ake kai irin wannan aiki

A Amurka akwai taron shekara na Majalisar Malaman Turanci ta Ƙasa, NCTE, wadda aka kafa a 1911, da akan yi a watan Nuwamba. Akwai taron ƙungiyar TESOL ta masu koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, wadda aka kafa a 1966, kuma tana da reshe na musamman kan al'amuran 'yan gudun hijira. Akwai kuma taron ƙungiyar CIES ta masu kwatanta tsarin ilimin ƙasashe, wadda ta samo asali a 1956, inda masu bincike ke haɗuwa da jami'an ƙungiyoyin agaji da masu ba da tallafi.

A fagen agaji, cibiyar INEE, wadda ta tsiro bayan taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar a 2000, ta fitar da mafi ƙarancin ƙa'idojin ilimi a lokacin rikici a 2004, kuma da su ake auna ayyuka da yawa. A matakin gwamnatoci, ƙasashen ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka sun sa hannu a sanarwar Jibuti ta Disambar 2017 kan shigar da 'yan gudun hijira cikin makarantun ƙasa. Sai babban taron duniya kan 'yan gudun hijira da ake yi a Geneva duk shekara huɗu, wanda aka fara a Disambar 2019, aka sake a Disambar 2023.

Kowane taro da abin da mahalartansa ke nema. Malaman aji suna son darasin da za su iya gwadawa da zarar sun koma makaranta. Masu bincike suna son sanin yadda aka tattara bayanai. Masu ba da kuɗi suna tambayar nawa aka kashe a kan kowane ɗalibi da kuma ko za a iya faɗaɗa shirin. Maƙala ɗaya ba ta gamsar da ukun, don haka mai gabatarwa kan zaɓi taronsa kafin ya zaɓi kalmominsa.

Daga tsakure zuwa mumbari

A tarukan masana, akan buɗe karɓar tsakure watanni da dama kafin ranar taro. Tsakuren gajeren bayani ne na abin da za a gabatar, kuma wasu masana ne ke tantance shi, sau da yawa ba tare da sanin sunan mai shi ba. Idan an karɓa, gabatarwar kan ɗauki ɗaya daga cikin siffofi huɗu: maƙala ta kimanin minti 15 zuwa 20, zaman tattaunawa na mutum uku ko huɗu, bita inda mahalarta ke gwada darasin da kansu, ko allon bayani da mai shi ke tsayawa kusa da shi yana amsa tambaya. Ga shirin koyar da rubutu, bita tana da fa'ida ta musamman, domin malamin da aka sa ya rubuta layi biyar da harshen da bai ƙware a kai ba yakan ɗanɗana abin da ɗalibinsa ke ji kullum.

Gabatarwa mai nauyi takan fayyace wasu abubuwa ba tare da kwana-kwana ba. Ɗalibai nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, kuma me ya fitar da sauran? Ta yaya aka zaɓe su? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin shirin bayan makaranta kan jawo waɗanda dama suke son rubutu, ya bar yarinyar da ke renon ƙanne da yaron da ke aikin dare. Idan aka ce rubutunsu ya inganta, da me aka auna, kuma an kwatanta su da takwarorinsu da ba su shiga shirin ba? Ɗalibi baƙo yana ƙara iya harshe kowane wata ko da ba ya cikin wani shiri, saboda haka ci gaba kaɗai ba hujja ba ce. Nuna rubutun ɗalibi guda kafin gyara da bayan gyara ya fi ilmantarwa a kan karanta mafi kyawun waƙar da aka samu a shekara. Haka nan faɗin abin da bai yi aiki ba yana amfanar masu sauraro fiye da jerin nasarori.

Haƙƙin mai labari

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ta ba yaro 'yancin faɗin ra'ayinsa a sashe na 12 da na 13, ta kuma kare sirrinsa a sashe na 16. Mai gabatarwa yana tsakanin waɗannan haƙƙoƙi biyu. Yardar da ɗalibi ya bayar a karanta labarinsa a aji ba ta kai ga zauren mutum ɗari biyar ba, balle bidiyon da zai zauna a intanet shekara da shekaru. Ana neman izini dabam a kowane mataki, daga ɗalibin da kuma iyayensa ko mai kula da shi idan bai kai shekara 18 ba, da harshen da suke fahimta, tare da tabbacin cewa ƙin yarda ba zai shafi makinsa ko tallafin da iyalinsa ke karɓa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi a sansani, inda ƙungiyar da ke koyarwa kan kasance ita ce ke raba wasu kayan agaji.

Haɗarin na zahiri ne. Jami'an da ke duba takardun neman mafaka suna auna gaskiyar mutum da daidaiton bayanansa, kuma labarin ƙirƙira da aka buga da sunan matashi, inda ya sauya kwanan wata ko ya haɗa abubuwa biyu wuri guda don daɗin labari, na iya cin karo da abin da ya faɗa a hirar hukuma. Ambaton sunan ƙauye ko na kwamandan mayaƙa na iya jefa dangin da suka rage a gida cikin matsala. Sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa idan al'ummar ƙarama ce kuma kowa ya san kowa.

Akwai kuma batun mutunci. Masaniya Eve Tuck ta yi kira a wata maƙala ta 2009 da a daina binciken da ke siffanta al'umma da raunukanta kawai. A shekarar ce marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie ta yi jawabinta da ya shahara a kan haɗarin sanin mutane ta labari guda. Dina Nayeri, wadda ta bar Iran tana yarinya, ta yi bayani a littafinta The Ungrateful Refugee na 2019 kan yadda ake tsammanin baƙo ya riƙa nuna godiya da maimaita labarin kuɓutarsa. A Birtaniya, littafin da marubuciya kuma malama Kate Clanchy ta rubuta a kan ɗalibanta, waɗanda da yawansu baƙi ne, ya ci kyautar Orwell a 2020, amma a 2021 ya sha suka a kan yadda ta siffanta kamanninsu. Wasu tsofaffin ɗalibanta sun kare ta, daga baya kuma ta rabu da kamfanin da ya buga littafin. Muhawarar ta nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa malami nauyin kalmomin da ya siffanta yara da su.

Idan kuɗi ya shigo, sai a tambayi aljihun da zai shiga. Littafin What Is the What na 2006, wanda Dave Eggers ya rubuta a kan rayuwar Valentino Achak Deng, ɗaya daga cikin yaran Sudan da suka zauna a Kakuma, an mayar da ribarsa ga gidauniyar Deng, wadda ta gina makarantar sakandare a garinsu Marial Bai na Sudan ta Kudu.

Wa ke hawa mumbari

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A 'yan shekarun nan ana ƙara matsa wa masu shirya taruka su gayyaci matasan su yi magana da kansu. A taron Geneva na 2019, a cikin mahalarta kimanin 3,000, 'yan gudun hijira kimanin 70 ne kacal. A na 2023 sun haura 300 a cikin mutane sama da 4,000. A watan Yunin 2018 an gudanar da taron TEDx a cikin sansanin Kakuma, karo na farko da aka yi irinsa a sansanin 'yan gudun hijira, inda Mary Maker 'yar Sudan ta Kudu ta yi jawabi a kan ilimi. Mawaƙiya Emtithal Mahmoud, 'yar asalin Darfur, wadda ta lashe gasar waƙar baka ta duniya a 2015, ta zama jakadiyar UNHCR a 2018. Omar Mohamed, wanda ya girma a Dadaab, ya fitar da labarinsa a littafin zane When Stars Are Scattered a 2020 tare da Victoria Jamieson, sunansa na kan bango a matsayin marubuci.

Sai dai hanyar zuwa mumbarin tana da shinge. Yawancin 'yan gudun hijira ba su da fasfo. Sashe na 28 na yarjejeniyar 1951 ya tanadi takardar tafiya ta musamman, amma samunta kan ɗauki lokaci, samun biza a kanta kuma ya fi wuya. A Kenya, mazaunin sansani kan buƙaci takardar izini kafin ya je Nairobi ma. Kuɗin rajistar taro da na jirgi da masauki sun fi ƙarfin ƙananan shirye-shirye. Gabatarwa ta intanet, wadda ta yaɗu tun annobar korona ta 2020, ta rage wannan matsala, amma ta dogara da lantarki da ƙarfin sadarwa. Ko an samu matashin ya zo, akwai bambanci tsakanin a kira shi ya ba da labarin wahalarsa na minti biyar sannan masana su yi sharhi, da a zaunar da shi a matsayin abokin gabatarwa da zai faɗi ra'ayinsa kan darasin da tsarin shirin.

Inda batun ya taɓa Najeriya

Najeriya tana ɓangarorin biyu na wannan lamari. Tun daga 2017 ta karɓi dubun-dubatar 'yan Kamaru da rikicin yankunan masu magana da Turanci ya kora, waɗanda ke zaune a jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, ciki har da matsugunan Adagom da Ukende a Ogoja. Hukumar ƙasa mai kula da 'yan gudun hijira da baƙin haure da waɗanda aka raba da muhallansu, wadda aka kafa a 1989, ita ke kula da su tare da UNHCR, kuma 'ya'yansu na shiga makarantun gwamnati.

A ɗaya ɓangaren, rikicin Boko Haram ya tura 'yan Najeriya zuwa sansanin Minawao na arewacin Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, da jihar Diffa ta Nijar, da sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi. Daga 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tura wasu dubbai zuwa jihar Maraɗi. Matashin da ya fara boko da Turanci a Borno, yana magana da Kanuri ko Hausa a gida, kan tarar da makarantar da ta saba koyarwa da Faransanci. Da yawa daga cikin waɗannan yara sun yi makarantar allo ko Islamiyya, sun san haruffan Larabci, wasunsu na iya rubuta Hausa da ajami. Takardar rajista da ke tambayar ajin boko kawai takan lissafa su cikin waɗanda ba su iya karatu ba, alhali shirin rubutu na iya farawa daga waɗannan haruffa da suka riga suka sani, kamar yadda makarantar Thornwood ta fara daga harshen gida.

Malami ko jami'in agaji daga wannan yanki da zai kai irin wannan aiki gaban taro, a Abuja ne ko a ƙetare, yana ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 a jihohin da suka amince da ita, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta buƙaci yardar iyaye ko mai kula kafin a yi amfani da bayanan yaro. A yankin da mayaƙa ke da masu kai musu rahoto, kuma ake ƙyamar 'yan matan da suka kuɓuta daga hannunsu, hoto guda ko sunan unguwa a kan allon taro ya isa ya tona asirin yarinya. Abin da ƙa'idojin aikin suka tanada shi ne a nuna wa matashin ainihin shafin da za a haska da kalmomin da za a faɗa a kansa tun kafin tafiya, a kuma bar masa ikon janye rubutunsa har zuwa ranar taron.